Yadda ake zagayen gidajen galari da ƙafa a unguwa mai cunkoso

Ranar farko da na tsaya a bakin ƙofar wani galari, wato wurin baje zane-zane da sassaƙa, sai da na yi kusan minti biyar a waje ina leƙe. Ƙofar gilashi ce mai hazo-hazo, babu babban allo babu mai kiran mutane, sunan wurin ma da ƙananan haruffa aka rubuta shi a gefe kamar ba a so a gani, daga ciki kuma wata mata ce zaune bayan dogon tebur ta sunkuyar da kai a kan kwamfuta. A raina na ce wannan wuri ai na masu kuɗi ne, ba irina ake jira ba. Ina nan tsaye sai ga wani dattijo riƙe da lema da jakar cefane, ya tura ƙofa ya shige abinsa ko kallon matar bai yi ba, toh sai na bi bayansa. Ba wanda ya tambaye ni tikiti, ba wanda ya ce me na zo yi, na yi kallona na fito. Tun daga ranar na gane cewa tsoron ƙofar nan shi kaɗai ne ke hana mutane da yawa shiga.

Bari mu fara raba abu biyu da ake haɗawa. Gidan tarihi daban, galari daban. Gidan tarihi yana adana kaya ne, sau da yawa ka biya kuɗin shiga, kuma abin da ke bango ba na sayarwa ba ne. Galari kuwa shago ne a gaskiya, shagon da yake wakiltar masu zane da masu sassaƙa da masu ɗaukar hoto waɗanda galibinsu suna raye suna aiki yanzu haka, ya baje aikinsu na sati huɗu zuwa shida, in an sayar su raba kuɗin, yawanci rabi da rabi, sannan a sauke a rataya na wani. Shi ya sa shiga kyauta ne, suna so a gani, suna so a yi maganar abin a gari, kuma sun san sarai cewa cikin mutum ɗari da za su shigo da ƙyar ɗaya ya saya. Kai mai kallo kawai ba kutse ka yi ba.

Toh ga yadda nake yi, daga shiri har dawowa gida.

Da farko ka zaɓi unguwa guda ɗaya tak. Ba gari ba, unguwa. Abin da zai taimake ka shi ne gidajen galari ba sa son zaman kaɗaici, a kusan kowane babban birni za ka tarar sun taru a 'yan layuka kaɗan, kuma dalilin kusan ɗaya ne ko'ina, suna neman ɗaki mai faɗi da rufi mai tsawo a inda haya take da sauƙi, in ɗaya ya tare sauran su biyo. Misalin da aka fi sani shi ne Chelsea ta birnin New York, ba ta ƙwallo ba, wannan unguwa ce a yammacin Manhattan inda da can garejin motoci ne da manyan sito, a shekarun 1990 haya ta kori masu galari daga unguwar SoHo suka kwararo nan, yanzu yawancinsu suna tsakanin babban titi na 10 da na 11, daga wajen layi na 18 zuwa na 28. A Landan akwai Mayfair, musamman ɗan gajeren titin nan Cork Street. A Paris akwai Marais. A Berlin akwai kewayen Auguststrasse da kuma Potsdamer Strasse. A Beijing akwai 798, tsohuwar masana'antar kayan lantarki ta soja da aka gina a shekarun 1950 da taimakon Jamus ta Gabas, masu zane suka mamaye ta a farkon shekarun 2000. Duk birnin da ka samu kanka, ka buɗe taswirar waya ka nemi galari, inda ka ga ɗigo-ɗigo sun cunkushe wuri ɗaya nan ne wurin zuwanka. Kar ka haɗa unguwa biyu a rana ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa, kuma da zarar ka shiga mota ko jirgin ƙasa a tsakiyar yawon to hankalinka ya watse.

Sai rana. Wannan ƙaramin abu ne amma shi ya fi kayar da baƙi. Galibin gidajen galari Talata zuwa Asabar suke buɗewa, daga wajen ƙarfe 10 ko 11 na safe zuwa 6 na yamma, wasu 7, Lahadi da Litinin a rufe suke. A Turai da Amurka watan Agusta da yawansu hutu suke tafiya gaba ɗaya, haka ma ƙarshen Disamba. Sannan tsakanin baje koli biyu akwai kwanakin da suke rufewa ana sauke tsohon aiki ana fenti ana rataya sabo, in ka zo a lokacin takarda kawai za ka gani manne a gilashi. Don haka ka duba shafinsu na intanet ko na Instagram a daren da za ka kwana ka tafi, ba sati guda kafin nan ba. Ni dai a wurina safiyar Laraba ko Alhamis ta fi, ɗakin naka ne kai kaɗai, Asabar da rana kuma cike take da jama'a kana kallon ƙeyar mutane fiye da zane.

A wannan daren ne kuma za ka fitar da jerinka, kuma a nan zan matsa maka. Guda biyar ko shida sun isa. Na san unguwa irin Chelsea gidajen galarinta sun fi ƙarfin yini ɗaya nesa ba kusa ba, kuma zuciya za ta ce maka tunda kyauta ne ai gara a kwashi garaɓasa, wallahi kar ka biye mata, na taɓa shiga sama da ashirin a yini ɗaya na dawo gida ƙafa a kumbure, washegari aka tambaye ni me na gani na rasa ko aiki ɗaya da zan iya kwatantawa, duk sun narke sun zama farin bango ɗaya a kaina, abin ya dame ni sosai don na san akwai aikin da wani ya shekara yana yi a cikinsu. Yadda nake tsarawa yanzu, uku da na ƙudura sai na gani, babba ɗaya irin su Gagosian ko David Zwirner ko Pace ko Hauser & Wirth in akwai reshensu a unguwar, don su ne masu ɗakunan da suke ɗaukar manya-manyan ayyuka, sai ƙanana biyu masu nuna matasan da sunansu bai fito ba tukuna. Sauran gurbi biyu ko uku na bar wa hanya, duk ƙofar da ta ja ni in shiga. Ka sa alama a taswira, ka ja layi ɗaya wanda ba zai sa ka riƙa kai da komowa ba, ka fara daga mafi nisa ka gangaro zuwa inda za ka hau abin hawa ka koma. In da yara za ka je ko kuma kai kanka akwai abin da ba ka son gani, hotunan da ke shafin nasu za su nuna maka, domin zanen zamani wani lokaci akwai tsiraici ko abin tayar da hankali a ciki kuma ba kullum ake sa gargaɗi a ƙofa ba.

Kayan tafiya ba su da yawa. Takalmin da ƙafarka ta saba da shi, don ƙasan galari yawanci siminti ne zalla kuma tsayuwa a kai ta fi tafiya gajiyarwa. Ƙaramar jaka ta rataya, ruwa a gora mai murfi a cikinta, ɗan littafi da fensir, waya a cike da caji. Jakar goyo ka bar ta a gida, in dole ce to ka sauke ta ka riƙe a hannu ko ka juyo da ita gaba da zarar ka shiga. Maganar sutura kuwa ba wanda ya damu, ka sa abin da kake sawa.

Yanzu ga ka a bakin ƙofa. Tura kawai. In ta ƙi buɗuwa duba gefe akwai ƙararrawa, danna, za ka ji ƙofar ta yi ƙara ta saki, ba wulaƙanci ba ne tsaro ne kawai. Wasu wuraren ma ba a bakin titi suke ba, a Marais sai ka tura wata ƙatuwar ƙofar katako ka ratsa tsakar gida kafin ka iske galarin a can ƙurya, wasu kuma a bene suke, gini ɗaya mai hawa da yawa kowane hawa da nasa, sunayensu a jere a jikin allo kusa da lif. In ka samu irin wannan ginin ka hau lif har can sama sannan ka riƙa saukowa ta matakala hawa-hawa, ya fi sauƙi ga gwiwa kuma ba ka tsayawa jiran lif. Mutumin da ke tebur ka gaishe shi da kai ko da kalma ɗaya, in bai ɗago ba kar ka sa a ranka, aiki yake yi, shi ne mai amsa imel da waya da lissafin kaya duk a lokaci guda, kuma rashin kula ka ɗin ma wata hanya ce ta barin ka ka sake.

A kan teburin za ka ga takardu iri biyu. Ɗaya bayanin baje kolin ne, shafi ɗaya ko biyu, ɗayar kuma jerin ayyukan ne da ƙananan hotuna, sunan kowane aiki da shekararsa da abin da aka yi shi da shi da girmansa, don galari da yawa ba sa manna komai a bango. Ɗauki duka biyun, kyauta ne, sai dai in an rufe takardar da leda mai tauri to wannan ta aro ce ka mayar in za ka fita. Amma dan Allah ka ninke ta bayanin ka sa a aljihu tukuna, kar ka karanta. Dalilina shi ne yawancin waɗannan takardu da wani irin harshe mai kumbura ake rubuta su, jimla ɗaya sai ta cinye layi biyar, in ka fara da ita ko dai ta sa ka ji kai ne ba ka da ilimi, ko kuma ta ɗaure maka ido ka shiga neman abin da ta ce ka kasa ganin abin da ke gabanka.

Toh a nan ne ainihin aikin yake, kallo.

Ka fara da zagaye ɗaya cikin sauri, minti biyu ko uku, ka leƙa kowane ɗaki har da na baya da wanda labule ya rufe, ba ka tsaya ko'ina ba, kana dai barin ido ya san wurin. A wannan zagayen akwai aiki ɗaya da zai riƙe ka, wataƙila don ya yi maka kyau, wataƙila don ya ba ka haushi ko ya ɗaure maka kai, duk ɗaya ne. Koma wurinsa. Tsaya daga nesa tukuna, kamar taku shida ko bakwai, ka ga girmansa in an gwada da jikinka, ina idonka ya fara sauka, daga nan ina ya tafi. Sai ka matso har ya rage kamar tsawon hannu ɗaya tsakaninku, ka duba fatar abin, kaurin fenti, sawun buroshi, inda aka kankare, inda aka liƙa, inda ya ɗiga aka bar shi. Sai ka koma gefe ka kalle shi a karkace, hasken fitila zai fito maka da tudu da kwarin da ba ka gani ta gaba. Ka duba har gefen katakon da aka ɗaure ƙyallen a kai, sau da yawa a nan ake ganin launukan farko da aka binne a ƙasa. Sannan ka sake ja da baya.

Duk wannan zai ɗauke ka minti biyar zuwa goma, kuma za ka ji kamar ya yi tsawo, don ba mu saba ba. A 2001 wasu masu bincike biyu, Lisa Smith da Jeffrey Smith, sun auna tsayuwar mutane a gaban shahararrun zane a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, suka samu a tsaka-tsaki wajen daƙiƙa 27 mutum yake yi. Daƙiƙa fa, ba minti ba, kuma a gaban ayyukan da mutane suke tsallako teku don su gani. In ka ba aiki ɗaya minti biyar ka ninka wancan sau goma, kuma bambancin abin da za ka gani ya wuce sau goma.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni. Wani ƙaramin galari ne a hawa na uku, ɗaki ɗaya, a bangon ƙarshe an rataya wani zane da ya kai tsayin ƙofa, baƙi ƙirin daga sama har ƙasa. A zagayen farko na wuce shi, a raina na ce wannan kuma ai ba komai. Da na rasa inda zan tsaya sai na dawo gabansa. Minti na farko baƙi ne. A na biyu da idona ya saba sai na ga ashe ɓangaren hagu baƙin yana da ja-ja a ƙarƙashinsa kamar garwashin da toka ta rufe, na dama kuma shuɗi-shuɗi ne mai sanyi, da na koma gefe sai ga wasu siraran layuka a kwance an ja su da wani abu mai kaifi tun fentin bai bushe ba, ɗaruruwa, kowanne hannu ne ya ja shi don ba su daidaita ba, can ƙasa kusa da kusurwa layi ɗaya ya karkace kamar hannun ya gaji ko an kira mai shi. Wannan karkataccen layin har yau ina ganinsa. Na ɗauki hoto da waya, da na duba baƙin allo kawai ya fito.

In sassaƙa ce ko wani abu da aka girka a tsakiyar ɗaki, zagaya shi gaba ɗaya, ka durƙusa ka gan shi daga ƙasa. Akwai ayyukan da ƙafa ce ma take kallonsu ba ido kaɗai ba, irin manyan faifan ƙarfe masu lanƙwasa na Richard Serra, wanda ya rasu a 2024, sai ka shiga tsakaninsu kana tafiya bangon ƙarfen yana matse ka yana sake ka har ka ji kamar ƙasa ta karkata, hoto ba zai taɓa ba ka wannan ba. Ko ka ɗauki El Anatsui ɗan ƙasar Ghana, daga nesa aikinsa kamar wani ƙaton mayafin zinare da ja ne ya zubo daga bango, sai ka matso ka tarar murafen kwalaben giya ne na alminiyam dubbai aka daddake aka huda aka ɗinke da wayar tagulla ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsaya nesa kawai ya ga rabi, wanda ya tsaya kusa kawai shi ma rabi ya gani.

Ɗaki mai duhu kuma bidiyo ne. Tsaya a bakin labule 'yan daƙiƙu idonka ya saba kar ka taka wani, ka duba takardar jerin nan tana faɗin tsawonsa. Yawanci maimaita kansa yake yi, don haka ba laifi ka shiga a tsakiya ka zauna har ya zagayo inda ka same shi. In minti arba'in ne ba dole ka ƙare ba, amma ka ba shi ko biyar kafin ka yanke hukunci.

Sai bayan duk wannan ka ciro takardar aljihu ka karanta. Yanzu kana da naka a hannu, in ta ƙara maka wani abu, misali ta gaya maka ƙasar da aka kwaɓa a fentin daga ina aka ɗebo ta, madalla ka koma ka sake duba. In surutu ne kawai ka mayar aljihu.

Maganar taɓawa gajera ce, kar ka taɓa, ko da yatsa, ko firam ne, ko dakalin da aka ɗora abu a kai, kar ka jingina da bango ma. Maiƙon hannu yana barin tabo a ƙarfe da takarda wanda ba ya fita. Kuma kafin ka ja da baya ka waiga, yawancin ɓarna da baya ake yin ta ko da jaka. A Fabrairun 2023 a wani baje koli a Miami wata baƙuwa ta bugi dakalin da aka ɗora wani ɗan karen tangaran mai shuɗi, aikin mai sassaƙa Jeff Koons, ya faɗo ya tarwatse, kuɗinsa dala 42,000. Akwai ayyukan da aka yi su don a taɓa, kamar tarin alawar da Felix Gonzalez-Torres ya yi a 1991, nauyinta fam 175, wajen kilo 79, daidai nauyin jikin abokin rayuwarsa Ross wanda cutar ƙanjamau ta kashe a shekarar, kowane baƙo yana ɗaukar guda tarin yana raguwa kamar yadda jikin ya rame. Amma irin wannan za a gaya maka, ko ka tambaya. Hoto kuma yawanci an yarda in babu filashi, duk da haka tambayar ba ta cin komai, kuma ka ɗauki hoton sunan mai aikin tare da aikin don kar ka manta na wane ne.

Tambaya dai ka yi ta. Mutanen tebur ɗin nan da suke kama da ba sa son magana, mafi yawansu abin da suka karanta kenan kuma daɗi suke ji in an tambaye su abin da ya shafi aikin. Kar ka ce me wannan yake nufi, za ka samu amsar takarda. Ka ce da me aka yi wannan, ko ya aka yi ya tsaya a haka, ko wannan sabo ne a wurinsa ko dama haka yake aiki, nan za ka ga mutum ya taso daga kujera, wani lokaci har ya shigar da kai ɗakin baya ya nuna maka wasu ayyukan da ba a rataya ba. Farashi ma ana tambaya, ba abin kunya ba ne ko ba za ka saya ba, wasu suna da takardar farashi a tebur wasu sai sun duba maka, wasu su ce sai dai a turo maka ta imel. Jan ɗigo a gefen sunan aiki yana nufin an sayar. In ka ga lamba irin 3/25 a ƙasan hoto ko zanen bugu, kwafi na 3 ne cikin 25 da aka buga. Sannan akwai littafin baƙi a tebur, in ka rubuta imel ɗinka za su riƙa sanar da kai duk sabon baje koli, ka rubuta a inda ya burge ka kawai in ba haka ba saƙo zai yi maka yawa.

Tsakanin galari da galari kuma kar ka sa kai a waya. Titin shi ne yake wanke maka ido. Ka fito daga farin ɗaki mai shiru ka faɗa cikin hon da ƙarar injin haƙa titi da masu keke, kuma za ka lura bayan ka yi minti goma kana kallon fatar fenti, tsatsar jikin ƙofar gareji da yagaggun fastoci a bango su ma sun fara yi maka magana, ni wannan yana cikin abin da ya sa nake son yawon da ƙafa. Amma ka kula da hanya, unguwa mai cunkoso ba ta jiran mai tunani, in za ka duba taswira ka raɓe jikin gini kar ka tsaya cak a tsakiyar masu wucewa, ka lura da layin keke kafin ka tsallaka, jaka kuma a gaba.

Bayan galari na uku ka zauna, ko ba ka ji gajiya ba. Gajiyar kallo aba ce da aka daɗe da sani, tun 1916 Benjamin Ives Gilman na gidan tarihin zane na Boston ya yi rubutu a kanta, kuma ba ta sallama, sai dai kawai ka ga ka fara wuce ayyuka kana gyaɗa kai ba ka ganin komai. Nemi benci ko wurin shan wani abu, ka yi minti ashirin, ka shiga bayi a nan don galari da yawa ba su da na baƙi. A Chelsea mutane sukan hau High Line, tsohon layin dogo na sama da aka mayar lambu aka buɗe sashensa na farko a 2009, yana ratsa unguwar ta sama da kujeru a kai. A wannan zaman ka ciro littafinka ka rubuta layi biyu a kan kowane wuri, ba sharhi ba, abin da ka gani kawai, baƙin zane mai ja a ƙasa, layi ɗaya ya karkace. In ka bari sai gida rabi ya zube a hanya.

Zai faru ka shiga wani wuri ka ji ba abin da ya taɓa ka ko kaɗan. Fita abinka, minti biyu sun isa, ba wanda zai ji haushi. Ba duk abin da aka rataya a farin bango ne mai kyau ba, akwai na ƙwarai akwai na cika ɗaki, kuma ba wai don ba ka gane ba ne kullum. Abin da nake roƙo kawai, kafin ka ce ai ko yaro zai iya wannan, ka ba aiki ɗaya a ɗakin minti biyar ɗin nan, in bayan haka ra'ayinka bai canza ba to ka riƙe shi da hujjarka, ka rubuta dalilin ma. Tun 1917 da mai zane Marcel Duchamp ya aika da mazubin fitsari na tangaran zuwa wani baje koli a New York ake wannan gardamar ta mene ne fasaha, ba a gama ba, kai ma kana da bakin magana a ciki. In da aboki kuka je ku rabu a bakin ƙofa kowa ya yi kallonsa, ku haɗu a waje kowa ya faɗi wanda zai ɗauka in an ce ya zaɓi ɗaya, da wuya ku zaɓi abu guda kuma hirar da za ta biyo baya ta kan kai ku har ƙofa ta gaba.

Akwai kuma daren buɗewa, wanda a wurare da yawa yammacin Alhamis ne daga ƙarfe 6 zuwa 8, gidaje da dama a layi ɗaya su buɗe sabon baje koli lokaci guda, kowa yana iya shiga sai in an rubuta na gayyata ne. Wasu biranen ma suna ware ƙarshen mako sukutum, kamar na Berlin da ake yi tun 2005 a wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Yana da kyau ka je ko sau ɗaya, a nan ne za ka iya ganin mai zanen da kansa tsaye a tsakiyar ɗaki ka gaishe shi ka gaya masa wanne ne ya riƙe ka, ana raba abin sha, galibi giya ce amma akwai ruwa in ka tambaya. Sai dai ba daren kallo ba ne, mutane sun juya wa bango baya suna hira, hayaniya kamar tasha. Ka ɗauke shi a matsayin leƙe, ka sa alama a kan wanda ya ja ka, ka dawo masa da safe a tsakiyar mako.

In ka isa gida ka zube takardun da ka kwaso, ka ware na wurin da ya fi tsaya maka a rai, ka nemi sunan mai aikin ka ga abin da ya yi a baya, ka duba ranar da za a rufe baje kolin tana nan a saman takardar. In da hali ka koma kafin ranar, wuri ɗaya kawai, aiki ɗaya kawai. Ni baƙin zanen nan na yi ta cewa zan koma zan koma, sai bayan sati bakwai na samu hawa benen, na tarar an yi wa bangon ƙarshen fenti ruwan ɗorawa an jera ƙananan hotuna tara a inda yake, na tambayi matashin da ke tebur ya duba kwamfuta ya ce an sayar, an riga an naɗe shi an tafi da shi tun makon jiya.